Na rage wa injin chess ƙarfi a ɓoye, yanzu ɗana ya ɗauka ya zama gwani

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, ina aikin gwamnati a Kaduna. Ina da yaro ɗan shekara 12 da ya koyi wasan chess a makarantarsu, abin kuma ya shiga ransa sosai. Ni ban iya ba sai sama-sama, don haka na sa masa injin Stockfish, wata manhaja mai buga chess, a kwamfutata ya riƙa karawa da shi. To, kullum injin ne ke lallasa shi, ko canjaras bai taɓa samu ba. Wani dare na tarar da shi ya kifa kai a kan tebur yana kuka, yana cewa shi daƙiƙi ne, ya bar wasan ke nan. Bayan ya yi barci na shiga saitin na sauke ƙarfin injin zuwa mafi ƙanƙanta, 1320. Ba a jima ba ya ci wasansa na farko. Cikin murna ya tambaye ni, "Baba, ƙarfinsa nawa ne?" Bakina ya suɓuce na ce masa 2000.

Yanzu an kwashe watanni. Idan sun yi wasa goma yakan ci kamar biyar. Ya gaya wa abokansa da malaminsu cewa yana doke injin 2000. Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, ya daɗe yana buga wasan, kuma yana so ya kai shi wata gasar yara a Abuja wata mai zuwa. Da suka gwada, ya cinye yaron ba wahala. Sai ya ja ni gefe ya ce yaron nan bai kama ƙafar 2000 ba, kuma wasa da injin da aka rage wa ƙarfi ɓata hannu yake yi. Maiɗakina ta ce in faɗa masa gaskiya yau-yau. Ni kuwa tsoro nake ji kada ya watsar da wasan, kada kuma ya daina yarda da maganata. Ina tunanin ko in riƙa ƙara wa injin ƙarfi kaɗan-kaɗan a ɓoye har ya kai 2000 ɗin da gaske, in kuma nemi dalilin hana shi zuwa Abuja. Don Allah a ba ni shawara.

Wani uba, Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Uban da ya ga hawayen ɗansa ya kasa runtsawa, ya tashi cikin dare yana lalube a saitin kwamfuta don ya dawo masa da walwalarsa, uba ne mai tausayi. Ka riƙe wannan kafin mu shiga abin da ya fi nauyi. Abu biyu ka yi, amma na lura ka haɗa su ka ɗaure a ƙullin laifi guda. Sauke ƙarfin injin daidai ne, duk malamin chess na kirki haka zai ce maka. Lambar da ka faɗa wa yaron ita kaɗai ce abin gyara.

Bari in nuna maka abin da ɗanka ya yi ta gwabzawa da shi tun farko. A watan Mayun 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a birnin New York, tun daga nan kuwa tazarar da ke tsakanin na'ura da ɗan Adam sai ƙaruwa take yi. Stockfish ya fito a 2008, kyauta ne, masu sa kai ne ke ta ƙara masa kaifi, kuma yau a jerin da ake auna injuna da shi ya haura maki 3500. Magnus Carlsen na ƙasar Norway, wanda babu mutumin da ya taɓa kai makinsa, iyakar inda ya je 2882 ne, a 2014. Ke nan ko shi aka zaunar a gaban kwamfutarka, kashi zai riƙa sha. Yaronka ya yi kuka ne saboda ya kasa abin da babu mai iya shi a doron ƙasa, shi kuma bai san haka ba. Wannan ce maganar da ta dace ya ji a wancan daren, kuma har yanzu ba a makara ba.

Su kansu lambobin nan, yana da kyau ku biyun ku san me suke nufi, domin rashin sanin ne ya sa 2000 ta zama abin alfahari, 1320 kuma ta zama abin ɓoyewa. Wani malamin kimiyya haifaffen Hungary da ya koyar a Amurka, Arpad Elo, shi ya tsara ma'aunin, hukumar chess ta duniya FIDE kuma ta karɓe shi a 1970. Ba basira yake aunawa ba. Hasashe kawai yake yi, idan wane da wane suka kara, wa zai fi kwasar maki. In abokin wasanka ya fi ka da maki 100, ana sa ran ka samu kusan kashi 36 cikin ɗari na makin wasanninku. In ya fi ka da 200, kashi 24. In da 400 ne, kashi 9. Tsakanin 1320 da 2000 kuwa akwai tazarar 680, wato a wasa ɗari mai ƙaramin makin da kyar zai tsira da maki biyu. Shi ya sa kawunsa ya gane tun a zaman farko. Malaminsu ma, in har ya san wasan, ina zaton ya gane ya yi shiru ne don kara.

Daga nan ne nake roƙonka ka ajiye shawarar ƙara wa injin ƙarfi a ɓoye. Na fahimci abin da ya ja ka gare ta, kana so maganar da ka faɗa ta zama gaskiya daga baya, kowa ya huta. Amma tafiya daga inda yaron yake zuwa 2000 aikin shekaru ne, kuma da yawa daga masu buga wasan tsawon rayuwarsu ba sa isa can. Gasar kuwa wata mai zuwa ce. Sannan ka duba abin da zai faru a zuciyarsa. Ka ƙara wa injin ƙarfi bai sani ba, sai ya ga abokin wasan da yake ci jiya yau ya gagare shi. Me zai ce wa kansa? Zai ce ya koma baya, kansa ya toshe, alhali ci gaba yake yi. Ka mayar da shi kan teburin nan da ya kifa kai ke nan, wannan karon da hannunka. Ƙari a kan haka, yaro ɗan shekara 12 da kwamfuta a gabansa, yau ko gobe zai buɗe saitin nan ya ga 1320 da idonsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Malam. Gaskiyar nan za ta iske shi ko ta wace hanya, abin da ya rage a hannunka shi ne daga bakin wa zai ji ta. Idan daga bakinka ne, a ɗaki, zai ji zafi na ɗan lokaci. Idan a zauren gasa ne, bayan yara ƙanana sun cinye shi a jere, ko daga bakin wani abokinsa mai tsokana, zafin zai haɗu da kunya, sannan ya waiwayo ya tuna wanda ya faɗa masa 2000.

Saboda haka maiɗakinka tana da gaskiya. Inda kawai zan ɗan sassauta maganarta shi ne yau-yau ɗin. Ba sai cikin gaggawa ba, ba kuma da dare yana shirin kwanciya ba. Ka zaɓi rana cikin makon nan da ba shi da makaranta washegari, ku zauna ku biyu, ba ƙannensa a kusa. Ka buɗe kwamfutar ka nuna masa saitin, ka ce masa wani abu kamar haka: "Ranar da ka tambaye ni ƙarfin injin nan na ce maka 2000. Ba haka ba ne, 1320 ne. Na ga kana murna ne ban so ta ragu. Ban kyauta ba, kuma laifin nawa ne, ba naka ba." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya yi fushinsa ko kukansa. Kada ka yi saurin cewa "ai don kai na yi", domin wannan ɗora masa nauyin abin ne. Sai ya huce sannan ka ba shi labarin Carlsen da Stockfish, ka kuma faɗa masa abin da babu ƙarya a cikinsa: duk wasan da ya ci, shi ya ci. Ba wanda ya tura masa doki ko sarauniya. Shi ya hango kuskuren injin, shi ya kama sarkin.

Na san a gidajenmu ba a saba jin uba ya ce wa ɗansa "ban kyauta ba". Wasu na ganin girma ne zai zube. Ni ban ga haka ba, kuma tarbiyyarmu ma ba ta ce haka ba. Ka tuna hadisin matar da ta kira ɗanta ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Maganar da ake yi wa yaro don a lallashe shi ma ana lissafa ta. Yardar da kake tsoron rasawa, wannan zaman ne zai tsare maka ita. Nan da 'yan shekaru yaron nan zai shiga shekarun da za ka so in ya yi kuskure ya zo ya faɗa maka da bakinsa, kuma a wurinka zai ga yadda ake yi.

Akwai wani ciwo da ba ka ambata ba, ina jin kuma shi zai fi damunsa: abokansa. Ya riga ya yi shela a aji. Yaro a wannan shekarun ya gwammace a ci shi wasa ashirin da a ce masa maƙaryaci. Kada ka bar shi da wannan kayan shi kaɗai. Ka ba shi izini sarai ya ce, "Babana ne ya ce min 2000, ashe 1320 ne." Gaskiya ce, kuma ta wanke shi. Malamin nasu kuwa kai za ka same shi da kanka ka yi masa bayani a taƙaice, don in maganar ta taso a aji ya san yadda zai kashe ta.

Ita ma mahaifiyarsa tana da nata aikin. Wataƙila wurinta zai ruga bayan kun gama. Ku yi magana tun kafin ranar, ku tsaya a baki ɗaya. Kada ta ce masa "ai na faɗa wa babanka", kada kuma ta rage wa abin nauyi ta ce ba komai ba ne. Ta saurare shi kawai. Kai kuma ka gode mata, domin ba kowace mace ce za ta dage wa mijinta a kan abin da take ganin zai taɓa amanar da ke tsakaninsa da ɗansa ba.

Mu dawo kan kawu da maganarsa ta ɓata hannu. Rabinta gaskiya ce, kuma dalilin yana cikin yadda ake rage wa injin ƙarfi. Stockfish ba ya iya mantawa da abin da ya sani. Idan aka ce ya yi wasa a mataki na ƙasa, sai ya taƙaita zurfin hangensa, ya jera aƙalla taku huɗu da yake ganin sun fi kyau, sannan ya yi wata irin ƙuri'a a tsakaninsu. Gwargwadon yadda aka sauke shi, gwargwadon yadda ƙuri'ar ke yawan faɗawa kan taku mara kyau. Ka ɗauka sarkin kokawa ne aka ce ya yi da yaro. Ba zai iya mayar da jikinsa na yaro ba. Zai riƙe shi da irin ƙarfinsa, can kuma sai ya saki jiki ya faɗi da gangan. Yaron ya samu kaye, amma bai koyi yadda ake kayar da tsaransa ba. Haka injin yake, zai yi taku goma na gwani, sai ya ajiye doki a bakin ci ba gaira ba dalili. Mutum kuwa kuskurensa yana da sababi. Kwaɗayin cin soja ya ja shi tarko, ko bai hango dokin da zai kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda ba, ko agogo ya matsa masa ya ruɗe. Wanda ya saba da injin kaɗai yakan koyi zaman jiran kyauta, a gasa kuma ba kullum ake samunta ba. Sannan lambobin da ke saitin Stockfish, daga 1320 zuwa 3190 a sababbin fitowarsa, an daidaita su ne ta hanyar kara shi da wasu injuna, ba da mutane ba. Don haka 1320 ta injin ba lallai ta yi daidai da 1320 ta mutum ba, kuma cin rabin wasanni a kansa bai ba mu ainihin makin yaronka ba.

Amma kawu ya ɗan yi tsauri. Yaron da yake cin rabin wasanninsa ya koyi lura da ɗan wasan da aka bari a kan allo ba tsaro, kamar doki ko soja, ya koyi yadda ake ƙarasa wasa idan an samu rinjaye, ya kuma ci gaba da zama a gaban allo alhali saura ƙiris ya gudu. Watannin nan ba su tafi a banza ba.

Abin da nake so ka yi bayan zaman naku shi ne ka miƙa masa saitin a hannunsa. Shi zai riƙa sa lambar, yana gani, yana sani. Ku nemi matakin da zai riƙa cin uku ko huɗu cikin goma, wanda a lissafin Elo ya kama abokin wasan da ya fi shi da maki kamar 100. A nan ake koyo, domin ana shan wahala amma ana ganin nasara a kusa. Tunda yana cin rabi a 1320, ya gwada 1400. Ya samu ɗan littafi yana rubuta sakamako. Duk bayan wasa goma ku duba tare, in ya ci bakwai ya ƙara 100, in bai kai biyu ba ya sauko, ba tare da jin kunya ba. Ya daina mayar da taku baya idan ya yi kuskure, ya kuma riƙa sa agogo, kamar minti 15 ga kowa da ƙarin sakan 10 a kan kowane taku. Wasannin minti ɗaya da na minti uku suna da daɗi, amma sauri suke koya wa yaro kafin ya koyi tunani.

In kuna da data, akwai abokin wasan da ya fi Stockfish dacewa da shi a yanzu. Sunansa Maia. Masu bincike daga Jami'ar Toronto da Jami'ar Cornell da sashen bincike na Microsoft suka fitar da shi a 2020. Su ba rage wa gwani ƙarfi suka yi ba. Sun ɗebo miliyoyin wasannin da mutane suka buga a Lichess, wani dandalin buga chess a intanet, suka horar da injin ya riƙa hasashen takun da mutum mai maki kaza zai yi, daga masu 1100 har zuwa masu 1900. Yana dacewa da takun mutum fiye da rabin lokaci, kuma kurakuransa irin namu ne, masu dalili. Ana samunsa kyauta a Lichess da sunayen maia1, maia5 da maia9. Ka gargaɗe shi tun da wuri cewa maia1, duk da an horar da shi a kan wasan masu 1100, ya fi haka ƙarfi, saboda takun da akasarinsu za su yi yake zaɓa, ba ya yin irin mugun kuskuren da mutum ɗaya kan yi idan ya gaji. In ya sha kashi a hannunsa da farko, kada ya karaya.

A Lichess ɗin kuma zai iya karawa da mutane na gaske, wanda shi ne ma'aunin da ya fi kowane inganci. Akwai saitin yara da ke rufe hira da baƙi, ka kunna masa shi kafin komai. Sabon shiga yana farawa ne da 1500 da alamar tambaya a gefe, makin ya yi ta hawa da sauka har ya zauna bayan wasanni da dama. Wannan makin ma na dandalin ne kawai. Na Chess.com daban, na FIDE daban, domin kowanne yana auna mutum ne da jama'ar da ke cikinsa. Idan yaron ya ga lambobi uku mabambanta a kan wasansa guda, da kansa zai daina ɗaukar lamba a matsayin hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa.

Shi kuwa Stockfish mai cikakken ƙarfi, aikinsa bayan wasa ne. Yaron ya fara bin wasan da ya gama da kansa, ya nuna inda yake jin ya kauce, sannan ya kunna injin ya ga ko sun dace. Kada ya fara da injin, don kada ya saba a yi masa tunani. Gukesh na Indiya, wanda ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 yana ɗan shekara 18, kocinsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi da injin har sai da ya samu muƙamin grandmaster, wato babban gwanin chess, a 2019 yana ɗan shekara 12, don ya gina nasa lissafin tukuna.

Kawun nan kuwa dukiya ce a gidanku, kada maganarsa ta sa ka ja baya da shi. Tun kafin a ƙera kwamfuta, gwanaye suna da hanyarsu ta daidaita wasa da na ƙasa da su: su cire ɗa guda daga nasu ɓangaren kafin a fara, sannan su buga da iyakar ƙarfinsu. Ka roƙe shi ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako. Ya fara ba sarauniya. Ranar da yaron ya fara cin sa a haka a kai a kai, ya mayar da ita ya cire doki. Amfanin wannan shi ne komai a fili yake, yaron yana kallon abin da aka rage, babu wanda ke faɗuwa da gangan, kuma bayan wasa akwai bakin da zai ce masa "a nan ka yi gaggawa". Sai dai ka roƙi kawun ya tausasa harshe a gaban yaron. "Bai kama ƙafar 2000 ba" magana ce ta tsakanin manya.

Batun Abuja, ra'ayina ya je. Hana shi da wani dalilin ƙirƙira ƙarya ce ta biyu a kan ta farko, kuma zai rasa abin da ya fi buƙata, wato zama gaba da gaba da tsaransa. Yawancin gasannin chess ba a fitar da wanda aka ci. Kowa yana buga dukkan zagayen, kuma bayan kowane zagaye ana haɗa mutum da wanda makinsu ya zo ɗaya. Ke nan ko ya sha kashi a wasa biyun farko, zai gangaro ya haɗu da daidai shi. Kawun ya tambayi masu shirya gasar rukunin shekarun da yaron zai shiga, da tsawon lokacin kowane wasa, da ko an yi wa gasar rajista da FIDE. In an yi, ku sani cewa sai mutum ya buga aƙalla wasa biyar da masu maki kafin a ba shi nasa, kuma tun Maris 2024 mafi ƙarancin makin da FIDE ke wallafawa 1400 ne. In ya dawo ba maki, ba abin damuwa ba ne, haka da yawa suke farawa.

Kafin tafiyar ya saba da allo na hannu, domin idon da ya saba da gilashin kwamfuta yakan ruɗe a kan 'ya'yan katako ko na roba. Ya san dokar nan cewa ɗan da ka taɓa shi za ka tura, ya koyi danna agogo da hannun da ya yi taku da shi, ya koyi rubuta takunsa a takarda, ya kuma san ba a shiga zaure da waya. Ku sa masa buri wanda yake hannunsa: ya buga kowane wasa har ƙarshe, ya yi tunani kafin ya taɓa ɗa, ya dawo da takardun wasanninsa su duba da kawu. In kana neman labarin da za ka ba shi a hanya, ga na Tanitoluwa Adewumi, yaron Najeriya da iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Amurka a 2017. A gasarsa ta farko makinsa 105 ne, mafi ƙanƙanta a zauren. A 2019, yana ɗan shekara 8, suna zaune a gidan marasa matsuguni, ya lashe gasar jihar New York ta rukunin shekarunsa.

Mai yiwuwa ne bayan kun yi maganar ya ce shi ya fasa, ba ya wasan, ba ya zuwa ko'ina. Kada ka tsorata, kada kuma ka matsa. Ka ba shi mako ɗaya ko biyu, ka bar allon a inda idonsa zai riƙa faɗawa, kawu ya zo kamar ziyara ya ce a buga ɗaya. In lokacin gasar ya yi bai shirya ba, su je kallo kawai, ko ku jira wata ƙaramar gasa ta makarantu a nan Kaduna. Yaron da wasa ya sa shi kuka, son wasan ya kama shi da gaske, irinsu ba su cika yin nisa ba.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai a wasiƙarka, yadda ya kira kansa daƙiƙi. Ka sa ido ka ga ko a chess kaɗai yake faɗin haka, ko har idan ya faɗi jarrabawar lissafi ko ya kasa hadda. In abin ya zama ɗabi'a, ku zauna da malaman ajinsa ku ji ko akwai mai jifansa da wannan kalmar. A gida kuma ku riƙa yaba masa a kan abin da ya yi, kamar haƙurin da ya yi ya tsare sarkinsa a wasa mai wuya, fiye da yadda kuke yaba sakamakon.

Ka fara da kiran kawun a daren yau, ka gaya masa ka yanke shawarar faɗa wa yaron da kanka cikin makon nan, ya riƙe bakinsa har sai kun zauna. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka, ya sa ku ga amfaninsa. In sun dawo daga Abuja ka rubuto mana yadda aka yi.